Sunan da Kika Sa Mini a Bayan Katanga

Tambuwal,
ranar Laraba, bayan La'asar.

Zuwa ga 'yata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki lafiya inda kika nufa, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masu tare hanya. Zan ba innarki ita ta cusa miki a ƙasan jaka, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa jami'a kin kwance kaya. Idan kina karanta ta, to kin isa ke nan, kuma ban hana ba. Na san har ki shiga mota jibi ba za ki yarda cewa wannan karon da gaske nake ba. Ban ga laifinki ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda kin fi ni saninsa. Wata kalma ce ta hana ni sakat yau mako biyu, kuma daga bakinki na tsince ta. Ina alwalar Azahar a bayan katangar kicin, ke kuma kina ciki kina waya da yayanki Umaru. Ban yi niyyar saurare ba, amma kuma ban tashi ba. Na ji kin ce masa, "Kak ka yi murna tukuna, Yaya. Sunana ya fito, amma Baba pendulum na. Bari mu ga wajen da za shi kasance ranat tafiya." Kika yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Na wanke ƙafar dama har sau biyu na manta da ta hagu. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma kin san halina, fushina ba ya daɗewa idan tambaya ta shigo. Ai na san pendulum. Shekara da shekaru ina koyar da shi a firamare, dutse ne a ɗaure da zare yana lilo. To me ya haɗa ni da dutse?

Washegari na hau babur na je wurin Malam Buhari, abokina da ya yi ritaya daga koyar da Turanci, wanda yake yini a gindin dogonyaron ƙofar gidansa da tulin tsofaffin littattafai kamar mai sayar da su. Ban gaya masa wanda ya faɗa ba. Na ce a rediyo na ji an kira wani mutum haka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Rediyon ga naka, ba ita ta za ta jami'a ba?" Na ce ya bar wannan, ya ba ni amsa.

Ya ce kalmar ba ma ta Turawan Ingila ba ce tun asali, aro suka yi daga Latin, kuma a can ma'anarta abin da yake rataye, shi ke nan. Ya ce ita da kalmar nan pending da ma'aikatan ofis suke rubutawa a bayan fayil idan ba su tashi dubawa ba, dangin juna ne: fayil ɗin a rataye yake, bai hau ba, bai sauka ba. Wannan ya burge ni har na kusa manta abin da ya kawo ni. Shekara nawa ina ganin kalmomin nan biyu, ban taɓa sanin gidansu ɗaya ba.

Sannan ya ce Turawa sun ciro kalmar daga cikin agogo sun kai ta cikin sha'anin mutane. Idan jama'a suka gaji da masu mulki suka koma wa waɗanda suka kora a baya, sai su ce pendulum ya juya. Idan iyayen wani zamani suka yi tsanani, 'ya'yansu suka girma suka sakar wa nasu 'ya'yan komai, haka za su ce. Har ɗinki ma: bana wando mai faɗin ƙafa, baɗi tsukakke, wata shekara a koma mai faɗi. "Abin da sunka lura da shi," in ji shi, "in kaj ja shi nesa ga wanga gefe, nesa shika zuwa ga wancan. Ba shi tsayawa tsakiya, wucewa shikai."

Na ce, "To mutum guda fa?"

Ya ce, "Shi ma. Wanda ka cewa i da safe, a'a da marece." Ya sake dubana ta saman tabarau. Na miƙe na ce ina da uzuri a kasuwa.

A hanya na yi ta jayayya da Turawa ni kaɗai a kan babur, don a ganina ba su yi wa abin adalci ba. Nakan fitar da ɗalibaina fili, in ɗaure zare a reshe, in tambaye su: babban dutse da ƙarami, wanne zai riga dawowa? Duk ajin su ce babba. A gwada, su zo daidai. In ce to wanda aka ja da nisa da wanda aka ja kaɗan fa? A gwada, kusan ba bambanci. Tsawon zaren kaɗai yake canza lokacin. Sai ki ga aji ya yi tsit, kowa baki buɗe, kuma wannan shirun shi ne abin da na fi so a duk aikin malanta. Saboda wannan riƙon alƙawari nasa aka sa shi a agogo. To ta yaya za a ɗauki abin da ake saita lokaci da shi a laƙaba wa mutumin da ba a iya saita komai da maganarsa? Mu ma muna da lilo, muna da reto, muna da shillo, amma ban taɓa jin Bahaushe ya kira mutum da ɗayansu ba. Mu kai tsaye muke cewa mai magana biyu, mu huta. Ki tambayar mini malamanku yaushe Turawa suka fara wannan kwatance, kuma ko suna da kalma ga mutumin da ya yi ta lilo har ya gaji ya tsaya. Da gaske nake, ina son in sani.

Sai dai kafin in iso gida na sauko daga gardamar. Maganar nan ta Malam Buhari, cewa iyakar nisan da aka ja shi iyakar nisan da zai tafi ɗaya gefen, tarihina ne ya karanto bai sani ba. Bari in ba ki shi, tunda ban taɓa ba.

Aikina na farko, ina saurayi sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, an tura ni wani ƙauye a ƙasar Kebbe, can bayan wani rafi da yake yanke hanya da zarar damina ta kankama. Ni ne hedimasta, ni ne malamin lissafi, ni ne mai kaɗa ƙararrawa. A ofishina akwai agogon bango na katako mai ƙofar gilashi, da dogon ƙarfensa mai faifai a ƙasa yana lilo. Babu wani agogo a garin sai shi. Duk Jumma'a nakan wana shi da ɗan makullinsa, kuma nakan jira sai na ga akwai masu leƙe ta taga. Ina ji da kaina a lokacin, Saratu. Biro biyu nake sokewa a aljihu, alhali ɗaya ba ya rubutu.

Da bazara na lura agogon yana jan ƙafa idan na gwada shi da rediyo. Na san dalili, zafi ne ya sa ƙarfen ya ɗan miƙe. Na kuma san magani: akwai ɗan noti a ƙarƙashin faifan, in ka murɗa shi sama lilon ya gajarce, agogo ya ƙara sauri. Sai dai maimakon in ɗan taɓa in jira in gani, na yi masa murɗa mai yawa, irin ta wanda yake so a san ya iya. A makon nan batirin rediyona ya mutu, ruwa ya sauko, rafi ya cika, ba mai zuwa kasuwar Kebbe. Agogo ya yi ta gudu, kullum yana ƙara 'yan mintoci. Iyaye mata suka fara ƙorafi wai ƙararrawa tana kaɗawa yara ba su gama shan kunu ba. Na ce lalaci ne.

Azumi ya kama a cikin daminar. Wata rana hadari ya taso daga gabas bayan La'asar, ya zuba, ya wuce yamma ya zauna a kan rana. Gari ya yi duhu-duhu. Ladanin garin, wani dattijo da kowa yake kira Baba Ladan, wanda tun kafin a haife ni yake kiran salla da ido da inuwa, ya tako har makaranta da mutum biyu a bayansa. Ya ce, "Malam, mi agogonka yac ce? Yau ba ni ganin rana."

Na duba na ce lokaci ya yi har ya gota.

Ya ɗaga kai sama ya ce, "Amma balbelu ba su wuce ba. Kullum sai sun wuce zuwa kukar bakin tabki nika kira."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, a gaban mutane. Na ce, "Baba, da balbela da agogo, wa za a bi?" Ya juya, ya je ya kira salla.

Gari ya sha ruwa. Ni kaina ina riƙe da ƙwaryar kunu na kai rabi, sai hadarin ya tsage ta ƙasa, rana ta leƙo ja wur, tana saman gero, da sauran tafiya a gabanta. Kowa ya ƙame da abin da yake hannunsa. Can sai ga balbelu sun wuce ta samanmu a jere, ba su ma san abin da ake ciki ba.

Liman ya ce kowa ya kame bakinsa har rana ta faɗi, kuma bayan salla kowa ya rama yini guda. Suka rama a tsakiyar noman maimai, manoma duƙe a gona da busasshen baki saboda ni. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Sai dai ranar ramuwar, duk wanda ya bi ta makaranta da fartanya a kafaɗa sai ya leƙo ya ce, "Malam, ya ƙishirwa?" Na je na durƙusa wa Baba Ladan ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, ɗana. Laifin ba naka na kai ɗai ba. Ni nig ga balbelu ba su wuce ba, kuma ni nik kira." Na ɗauka lallashina yake yi. Sai bayan shekaru na gane abin da yake nufi.

Ga shawarata a kan wannan. Wata rana za ki dawo ke ce mai ilimin gida. Za a miƙo miki takardar asibiti, ko saƙo a waya, a ce karanta mana, kuma abin da kika faɗa shi za a yi. Kafin ki yanke, ki tambayi kanki yaushe rabon da ki gwada abin da kika sani da wani abu na waje. In kuma tsoho ya kawo miki hujjar da ba ta cikin littafi, ki tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ki riƙe dariyarki sai ya gama.

Da a nan na tsaya da na amfana. Amma ni ban iya gyara kaɗan ba. Yadda na murɗa notin nan fiye da kima, haka na murɗa kaina. Na zama mutumin da ba ya cewa na sani. Ko ƙarfe nawa aka tambaye ni, sai in duba agogon hannuna in ce wataƙila. Mutane suka ɗauka tawali'u ne, har ana ba da misali da ni. Tsoro ne kawai.

Lokacin da Umaru yake rarrafe, ina koyarwa a wata firamare a wajen Jabo. Ajina ginin ƙasa ne da rufin kwano. Wata rana ana yayyafi, sai na yi wa ɗalibai gwajin dutse da zare a cikin aji, na ɗaure zaren a katakon rufi kusa da bangon gabas. Da muka gama, dutsen ya lafa ya tsaya cak. Kin san abin da yake ba ni mamaki har gobe? Abin nan in yana lilo lokaci yake faɗa, in ya tsaya kuma miƙewa yake nunawa, don shi magina suke saukarwa a jikin gini su ga ko ya tafi daidai. Na dubi zaren, na dubi bango. A sama tsakaninsu yatsa biyu, a ƙasa kusan tafin hannu. Bangon ya sunkuyo cikin aji.

Bayan mako guda na sake aunawa, na ga ya ƙaru. Na je na gaya wa hedimasta a hankali cewa ina jin bangon ya sunkuyo, kamar mai neman gafara, ban ko ambaci awon ba. Ya kira maginin garin, wani dattijo mai furfura. Ya zo ya dafa bangon, ya bubbuga shi da tafin hannu ya ce, "Bangon ga tun ina da ƙarfina haka shike. Ba shi zuwa ko'ina."

Hedimasta ya juyo ya ce, "To, Malam, mi kag gani?"

Zaren yana aljihuna. Abin da ya rage kawai in fito da shi in rataya kowa ya gani da idonsa. Sai fuskar Baba Ladan ta faɗo mini, na ce a raina, ga ni zan sake yi wa dattijo gardama da kayan boko. Na ce, "Tunda shi ya faɗa, shi ke nan."

Bangon ya faɗi wata Jumma'a, jim kaɗan bayan an tashi ɗalibai. Ya rufto a kan bencunan layin gabas ya mai da su itacen girki. Na san sunan duk wanda yake zama a layin, har yau zan iya jero miki su. Mutane suka taru suna ta hamdala, ni kuwa na zaga bayan aji na yi amai. Ban taɓa gaya wa kowa cewa sau biyu na auna ba, har innarki. Ke ce ta farko.

A ranar na gane maganar Baba Ladan. Shi ma ya sani, ya ajiye saninsa don wani ya yi masa dariya. To ke, in kin auna, kin sake aunawa, ki faɗa. Ki faɗa da ladabi, ki rusuna in da manya a wurin, amma da muryar da za a ji. Kuma kada ki bar kunyar wani tsohon kuskure ta riƙa yanke miki hukunci a kan abin da yake gabanki, don ita ba ta duba komai.

Shekaranjiya, kina gidan gwaggonki, na ɗaure dutse a igiyar shanya na zauna ina kallo. Innarki ta fito da tsintsiya ta tsaya ta ce, "Malam, tsufa ya zaka da wasan yara?" Na ce bincike nake yi. Ta ce in na gama binciken in kwance mata igiya, tana da wanki. Amma na ga abin da na zo gani. In ka bar shi shi kaɗai, lilon raguwa yake yi, yana raguwa har ya tsaya. Na cikin agogo da ba ya tsayawa, akwai abin da yake ɗan tura shi duk zuwa duk dawowa. Ke nan mutumin da ya shekara talatin yana kai da kawowa, akwai masu tura shi. Na zauna ina lissafa nawa masu turin, kuma ban ji daɗin lissafin ba. Bayan faɗuwar bangon nan na rasa wanda zan yarda da shi, ni ko mutane, sai na koma bin duk wanda ya yi magana a ƙarshe. Ke kika sha wahalar wannan.

Bara da sunanki ya fito za ki karanta Turanci, na fi kowa murna, har na zaga dangi ina faɗa. Da yamma na je majalisarmu ta ƙofar shagon Alhaji Garba. Wani ya kawo labarin abin da ya faru da wata mota a hanya, wani ya kawo na 'yar wane da ta je jami'a ta dawo ba ta gaida mutane. Na dawo gida na ce ba za ki ba. Kawunki Attahiru ya zo daga Sanyinna ya zaunar da ni, na ce za ki. Innarki ta daka miki yaji, ta kai zannuwa ɗinki. Ana gobe tafiya, wani ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, kai da hankalinka?" Iyakar abin da ya ce ke nan, ko hujja bai kawo ba. Na shigo na kwashi takardunki na kulle a akwatina, na ce sai na yi shawara. Na yi ta shawara har aka rufe rajista.

Ba ki yi mini rashin kunya ba. Kika durƙusa kika ce, "To, Baba." Kika kwance jakar da kanki, kika mayar da kowane zane inda yake, ina tsakar gida ina jin buɗe akwati da rufewa. Shekara guda kina gaishe ni safe da yamma, gaisuwa cikakkiya ba ragi, amma kin daina kawo mini tambaya. Ke da kike biyo ni da littafi har bakin rijiya kina cewa, "Baba, mi wanga ka nufi?" Wannan ya fi komai ci mini rai. Innarki ta ce mini, "Malam, da kac ce a'a tun farko kat tsaya, da ta yi kukanta ta share. Wagga i da a'a ita ka kashe mata zuciya." Na rufe ta da faɗa, saboda gaskiya ta faɗa.

Bana kika sake zama jarrabawa, kika sake ci. Na kuma san takardun bana ko sau ɗaya ba su kwana a gidan nan ba, suna Sanyinna wurin kawunki. Kin ɗauka ban sani ba. Da na gane, kunya ta kama ni sosai: 'yata tana ɓoye mini takarda yadda ake ɓoye wa akuya hatsi. Kuma daidai kika yi.

Inda za ki akwai bakuna da yawa, sun fi na majalisar Alhaji Garba. Ki saurari kowa, ki kwana a kan magana, ki yi istihara, sannan ki yanke. Bayan kin yanke, kada ki sauya sai an kawo miki hujjar da ba ki da ita a da. Ƙarfin murya ba hujja ba ne, haka ma kallon raini. Amma ina jin wani tsoro kuma: kada ki dube ni ki rantse ke ba za ki taɓa janye magana ba ko da kin ga kuskure ƙiri-ƙiri. In kika yi haka, gudun halina na tsufa ya kai ki ga halina na samartaka, kuma na riga na gaya miki inda ya kai ni.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya na je Sanyinna. Kawunki ya zaci takardun na zo karɓa, har ya fara gyara murya yana shirin faɗa. Na ce ko ganinsu ba na so. Na roƙe shi ya kira limamin unguwarsu, na faɗi magana a gabansu su biyu. Da na gama kawunki ya ce, "Malam, ka san abin da kaka yi kuwa? Hannunka kaka ɗaurewa da kanka." Na ce abin da ya kawo ni ke nan. Na dawo na maimaita wa innarki, yanzu kuma ina rubuta miki da hannuna don ki riƙe.

Saratu, zan kira ki. Na san kaina. Bayan wata biyu ko uku wani zai faɗi wata magana, ko in ji wani labari a rediyo, in ɗauki waya in ce ki tattara ki dawo. Zan yi faɗa. Zan ce umarni ne. Mai yiwuwa ma in jawo miki wa'azin biyayya ga iyaye, don na iya shi. To ki sani umarnina shi ne wannan da nake rubutawa yau, ina cikin hankalina, na ci na ƙoshi, ba wanda ya tsorata ni: ki zauna ki gama karatunki. Ranar da na kira, ki gaishe ni da kyau, ki tambayi ciwon gwiwata, ki bar ni in gama faɗan, sannan ki ce, "Baba, takardarka tana hannuna." Ki ɗauki littafinki ki tafi aji. Ba ki saɓa mini ba, kuma na yafe miki tun yanzu, duniya da lahira.

In ke da kanki kika ga zaman ba lafiya, da idonki kika gani, to ki taho ko da ni ina cewa ki zauna, ba sai kin jira izinin kowa ba. In kuma innarki ta ce ki zo, ki zo. Ita tun da na aure ta ban taɓa jin ta janye maganar da ta faɗa da gaske ba.

Lokacin da kike karanta wannan kin riga kin ga ban raka ki tasha ba, an ce miki ina da aiki a gona. Babu wani aiki. Na san in na ga direba yana ɗaure jakarki a bayan mota, hannuna zai iya kaiwa gare ta kafin hankalina ya iso. Don haka zan fita tun da sassafe, in bar wayata wurin innarki, in zauna a gindin gawon tsakiyar gona har sai na tabbata motarku ta yi nisan da babur ɗina ba zai cim mata ba. Kada ki ɗauka ban damu ba. Ina son ki, 'yata, kuma zan yi kewarki fiye da yadda zan iya faɗa a gaban mutane.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko da jarrabawa ta matso, ki riƙa kiran innarki ranar Jumma'a. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da ƙawaye masu tsoronSa, Ya buɗe miki abin da kika je nema. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya kamata ki dawo, ba kafin nan ba. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne,
Babanki.